Kafin matasanmu su zuba jari a farautar sunayen intanet da wa'adinsu ya ƙare

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, muna roƙon ka ara mana fili mu yi magana a kan wata sana'a da ake ta kwaɗaita wa matasa a nan Kaduna, a ajujuwan koyon kwamfuta da kuma bidiyoyin da ke yawo a wayoyi. Sana'ar ita ce ɗana wa sunan shafin intanet tarko. A sa ido a kan sunan da mai shi ya yi sakaci bai sabunta ba, a yi odarsa tun bai faɗi ba, in ya faɗi a cafke, a ajiye, wata rana a sayar da tsada. Sunan shafin shi ake kira domen, odar kuma 'yan harkar na ce mata bakoda. Masu tallar abin sukan buɗe zance da Voice.com da aka sayar dala miliyan 30 a 2019, su rufe da cewa dala 60 kacal mutum ke buƙata ya shiga. Ba su yi ƙarya a ko ɗaya ba. Sai dai tsakanin dala 60 da dala miliyan 30 akwai tafiya, kuma a kan hanyar ne kuɗin mutane ke zurarewa.

Domen dai ba mallaka ba ce, haya ce. Kamar rumfa ce a Kasuwar Gumi: muddin kana biya taka ce, ran da ka daina sai a nemi wani. Ana kama ta daga shekara 1 zuwa 10, ba a wuce haka a biya ɗaya. Hukumar ICANN, wadda aka kafa a 1998, ita ke shimfiɗa ƙa'idoji. A ƙarƙashinta kowane ƙarshen suna yana da uwar rajistarsa: kamfanin Verisign na Amurka ke riƙe da .com da .net, Public Interest Registry ke riƙe da .org, ƙungiyar NiRA kuma ita ke kula da namu na gida, .ng. Kai mai saye ba ka hulɗa da uwar rajista kai tsaye, sai ta hannun dillalanta, wato kamfanonin rajista irin su GoDaddy da Namecheap da Dynadot.

Kuskuren farko da sabon shiga ke yi shi ne zaton cewa ran da wa'adi ya cika ran nan suna ke faɗuwa. Sam. A sunayen .com da makamantansu, kamfanin rajista na da damar riƙe sunan har kwana 45 bayan cikar wa'adi, kuma a galibin waɗannan kwanaki mai shi zai iya sabuntawa a farashin da ya saba. Wani kamfanin yana cinye kwanakin duka, wani ba ya kai wa. Akwai wani abu da ke ruɗa mutane a nan: da zarar wa'adi ya cika, Verisign kan ƙara wa sunan shekara guda da kanta a lissafin dillali, sai mai dubawa ya ga ranar ƙarewa ta koma baɗi, ya ɗauka an sabunta, ya haƙura. Ba ranar ake kallo ba, matsayin sunan ake kallo. In ka shiga shafin binciken ICANN, lookup.icann.org, ka ga an rubuta autoRenewPeriod, to mai shi bai tabbata ya biya ba, dillali ne kawai ke riƙe da shi.

In dillali ya sake shi, sai ya shiga kwana 30 na fansa, wanda za ka ga an rubuta redemptionPeriod. A nan shafi ya mutu, imel ya tsaya, amma har yanzu mai shi na farko ne kaɗai ke da ikon dawo da shi, bisa tara mai nauyi da sau da yawa takan kai dala 80 ko fiye, ban da kuɗin sabuntawa. Bayan haka sai kwana 5 na jiran gogewa, pendingDelete. Daga nan bakin alƙalami ya bushe, ko mai shi ba zai iya ceto shi ba. In aka haɗa duka, daga cikar wa'adi zuwa faɗuwa ana iya shafe kwana 75 zuwa 80. Kuma tun 2013 ICANN ta wajabta wa dillalai su tunatar da mai suna sau biyu kafin wa'adi, kimanin wata guda da kuma mako guda, sannan sau ɗaya cikin kwana 5 bayansa, su kuma katse shafin na aƙalla kwana 8 don ya farga. Ke nan mai suna mai daraja da wuya ya yi barci har wata biyu da rabi. Yawancin waɗanda sabon shiga ke sa wa ido, masu su kan farka su biya a mako na biyu ko na uku, shi kuwa ya yi zaman jiran gawon shanu.

To a ce sunan ya kai ranar faɗuwa. Verisign kan fara sakin sunayen .com da .net na ranar da misalin ƙarfe 7 ko 8 na dare agogon Najeriya, ya danganta da canjin agogon da Amurka ke yi tsakanin bazara da hunturu. Dubban sunaye ne ke zuba kowace rana, ɗaya bayan ɗaya. Mai kyau a cikinsu ba ya cika daƙiƙa guda a ƙasa. Wanda ke zaune a Tudun Wada ko Unguwar Rimi da kwamfutarsa yana danna maɓalli, ko da intanet ɗinsa ya fi na kowa gudu a garin, ba ya cikin wannan tsere ko kaɗan. Dalili kuwa, uwar rajista ta ƙayyade wa kowane dillali yawan layukan da zai riƙa aiko da buƙata ta cikinsu. Sai kamfanonin cafke suna suka yi dabara, suka yi ta buɗe ƙananan kamfanonin rajista barkatai, kowanne da lasisinsa, don su tara layuka. DropCatch kaɗai ya tara irin waɗannan sama da dubu, alhali kowane lasisi ana biyan ICANN dala 4,000 a kansa duk shekara. A yi lissafi a ga irin kuɗin da ake kashewa don kawai a riga kowa da ƙiftawar ido. Bakoda ba wani abu ba ne illa ka ɗauki hayar ɗaya daga cikin waɗannan kamfanoni, DropCatch ko SnapNames ko NameJet ko Dynadot, ya shiga tseren a madadinka.

Kuɗin odar a manyansu yana kai-komo tsakanin kusan dala 60 zuwa 80, kuma akasari ba a cire maka sai an cafko. Wannan shi ne ɗan sauƙin da ke ciki, shi ya sa waɗanda suka san harkar ke sa oda a wuri biyu ko uku kan suna ɗaya, tun da ba a san wanda zai riga ba. Amma a kula da lokacin rufe karɓar oda, wasu sai an sa tun kafin ranar faɗuwa. Kuma in an cafko dole ka biya; wanda ya ƙi biya ana rufe asusunsa.

Sharaɗin da masu talla ke tsallakewa shi ne wannan: dala 60 ɗin tana aiki ne in kai kaɗai ka yi oda. Da mutum na biyu ya sa tasa, sunan ya tafi gwanjo, galibi na kwana 3. A wasu kamfanonin gwanjon na waɗanda suka yi oda ne kawai, a DropCatch kuwa a buɗe yake, wanda bai taɓa sanin sunan ba ma zai iya shigowa ya taya. Kuma duk tayin da ya shigo a mintocin ƙarshe yana ƙara wa agogo wasu mintoci, saboda haka babu dabarar laɓewa a fito a ƙurarren lokaci. Sakamakon a fili yake. Sunan da kowa ya ga darajarsa zai tashi ɗaruruwa ko dubban daloli a hannun mutanen da ke da jarin da ya ninka naka sau ɗari. Sunan da ya faɗo maka a dala 60 ba tare da abokin takara ba, ka tsaya ka tambayi kanka me ya sa dubban idanun da ke tace jerin ranar da manhajoji suka bar maka shi. Wani lokaci ka hango abin da ba su hango ba ne. Sau da yawa kuwa su ne suka ga abin da ba ka gani ba.

Akwai ma abin da ya fi wannan. Mafi yawan sunaye masu kyau ba sa isa ranar faɗuwa kwata-kwata. Manyan dillalai sun daɗe da gane cewa sakin suna ya faɗi asara ce gare su, sai suka sa a yarjejeniyar da kowa ke amincewa da ita ba tare da ya karanta ba cewa suna da ikon gwanjon sunan tun yana cikin kwanaki 45 ɗin nan. GoDaddy na da nasa dandalin gwanjon, wasu dillalan kuma suna tura nasu NameJet ko SnapNames. Wanda ya sa bakoda a wani wuri yana jiran faɗuwa, sai dai ya ga suna ya sauya hannu. Don haka matakin farko shi ne ka duba wane dillali ke riƙe da sunan, ka san ina yake kai kayansa gwanjo. Irin wannan saye yana da fa'ida ɗaya: sunan na riƙe da shekarunsa na asali, alhali wanda ya faɗi aka cafko ranar rajistarsa sabuwa take komawa. Yana kuma da cikas ɗaya: a wasu wuraren mai shi na farko na iya farkawa ya biya bayan ka ci gwanjon, a mayar maka da dalarka, kai kuma ka riga ka yi asarar canji da cajin banki a tafiya da dawowa.

Gwanjon da ba ka ganin abokin tayinka yana da nasa haɗarin. A 2009 kamfanin SnapNames da kansa ya fito ya amsa cewa wani babban ma'aikacinsa ya shafe shekaru yana shiga gwanjo da sunan bogi yana ɗaga wa mutane farashi, har kamfanin ya yi tayin mayar wa waɗanda abin ya shafa kuɗi. Wannan shi ne najashin da hadisi ya hana, mutum ya riƙa ƙara tayi ba don zai saya ba sai don wani ya saya da tsada. Maganinsa ɗaya ne, kuma shi ne maganin ɗaukewar wuta ko yankewar sabis a daidai lokacin rufewa: tun da rana ka yanke iyakar abin da za ka iya biya, ka shigar da shi, na'ura ta riƙa tayawa a madadinka kaɗan-kaɗan har zuwa iyakar. In an wuce ta, ka tashi ka yi sallar isha'i. Masu ƙonewa su ne masu zama suna cewa bari in ƙara dala goma kawai.

Yanzu ga lissafin da muke so kowane matashi ya yi da biro da takarda kafin ya taɓa kuɗinsa, ko kuɗin adashen mahaifiyarsa. Farashin sari da Verisign ke karɓa a kan .com ya tashi daga dala 7.85 kafin Satumban 2021 zuwa dala 10.26 a Satumban 2024, dillali kuma ya ɗora ribarsa. Mu ɗauka dala 12 a shekara, a dillali mai sauƙi ke nan. Ƙa'idar da 'yan harkar ke aiki da ita a tsakaninsu ita ce, mai tarin sunaye masu kyau yakan sayar da kashi 1 zuwa 2 cikin 100 a shekara. Mu ce mutum ya cafki suna 100 a kan dala 60 kowanne, uwar kuɗi dala 6,000 ke nan. In muka yi misali da canjin naira 1,500, naira miliyan 9. Daga shekara ta biyu zai riƙa biyan dala 1,200 duk shekara don kawai su ci gaba da zama nasa, wato naira miliyan 1 da dubu 800. A ce ya dace ya sayar da ɗaya a kan dala 2,000. Dandalin da ya sayar masa, Afternic ko Sedo, zai zare la'adarsa, wadda ke bambanta gwargwadon wuri da tsari. Mu ce kashi 15, saura dala 1,700. Cire kuɗin sabuntawa, saura dala 500 a kan jarin dala 6,000. In biyu ya sayar, dala 2,200, ba laifi. In shekarar ta wuce ko ɗaya bai fita ba, kuma hakan na faruwa, ya zura hannu a aljihu ya fito da 1,200.

Wannan mai suna 100 ke nan. Mai suna 10, wanda shi ne gwargwadon ƙarfin yawancin matasanmu, bisa wannan ƙa'ida zai iya jiran shekara 5 zuwa 10 kafin ciniki ɗaya ya faɗa, yana biyan dala 120 kowace shekara. Ga kuma abin da Ba'amurke mai koyar da harkar ba ya fama da shi: kai nairar kake samu, dala kake biya. Wanda ya tara sunaye kafin Yunin 2023, lokacin da canjin hukuma ke wajen naira 460, ya wayi gari a 2024 dala ta haura 1,500, kuɗin sabuntawarsa a naira ya ninka sau uku ba tare da ko suna ɗaya ya ƙara daraja ba. Gaskiya ne in ciniki ya faɗa da dala za a biya shi. Amma sabuntawa tabbas ce kuma tana da rana, ciniki kuwa sai Allah ya kawo. Kamfanin cafke ya karɓi nasa, uwar rajista ta karɓi nata, dandalin gwanjo ya karɓi nasa, mai koyarwa ya karɓi kuɗin aji: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tallace-tallacen da ake liƙa wa shafin da babu kowa a ciki, wanda a da yake rufe wa mutane kuɗin sabuntawa, yanzu abin da yake kawowa ga talakan suna bai taka kara ya karya ba.

Ba muna cewa babu masu cin abinci da wannan sana'a ba ne. Akwai, kuma abin da ya raba su da sauran shi ne ido, irin idon tsohon ɗan Panteka da zai dubi tulin ƙarafa ya zaro guda ɗaya. Jerin sunayen da ke shirin faɗuwa kyauta ake ganinsa a ExpiredDomains.net, farashin da aka sayar da makamantansu a baya kuma yana NameBio. Amma kafin a sa oda sai an tono tarihin sunan, domin tsohon suna da kayansa yake zuwa. A shiga Wayback Machine na archive.org a duba abin da aka taɓa ɗorawa a kansa shekara da shekara. In an ga ya taɓa zama gidan caca, ko na batsa, ko na sayar da jabun magunguna, a bar shi. A duba ko yana cikin baƙin littafin Spamhaus, ƙungiyar da ke tattara sunayen masu aika wasiƙun banza, domin in yana ciki duk imel ɗin da aka aika da shi kwandon shara zai riƙa faɗawa, kuma babu ɗan kasuwar da zai sayi irin wannan. A duba ko Google na nuna jan gargaɗi a kansa. Masu sayen tsohon suna don su gaji martabarsa a binciken Google su sani cewa tun Maris ɗin 2024 Google ya sa wannan dabara cikin abubuwan da yake hukuntawa, in an ɗauki tsohon suna an cika shi da tarkacen da ba su da alaƙa da abin da aka san shi da shi. Ƙimar da manhajojin kimanta farashi ke bayarwa kuwa, na'ura ce ke hasashe, ba mai saye ba ne ke tayi. Kada wanda ya ga an rubuta dala 3,000 ya fara cin bashi a kanta.

Sai maganar doka, wadda a nan ne wasu ke ganin gajeriyar hanya. Wani zai ce, ai sunan banki kaza ko makaranta kaza ya kusa faɗuwa, in na kama dole su zo su saya. Wannan ba jari ba ne, jawo wa kai magana ne. Tun 1999 akwai tsarin sasanta rikicin suna da ake kira UDRP, wanda duk mai rajistar .com ya amince da shi ko ya sani ko bai sani ba. Mai tambarin kasuwanci zai kai ƙara wurare irin su hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya, WIPO, da ke Janiba, ya biya dala 1,500, ya tabbatar da abu uku: sunan ya yi daidai ko ya yi kama da tambarinsa, kai ba ka da wani haƙƙi a kansa, kuma da mugun nufi ka yi rajista kake kuma amfani da shi. Kwana 20 gare ka ka ba da amsa. In ka faɗi, a ƙwace sunan, ko sisi ba za a mayar maka ba. Wasiƙar da ka aika musu kana neman su saya ita ce babbar shaidar da za su gabatar a kanka. A Amurka doka ta ba kotu damar cin tarar dala 1,000 zuwa 100,000 a kan kowane suna. A gida kuma sashe na 25 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, ko duka biyun, ga wanda ya ɗauki sunan mutum ko kamfani ko gwamnati ba da izini ba don ya hana mai shi amfani da shi. Haka nan tsohon suna kan ci gaba da karɓar wasiƙun masu shi na da in aka kunna masa imel. Amfani da wannan a shiga asusun wani sata ce tsagwaronta.

Inda muke ganin ɗan Kaduna zai iya fin Bature hange shi ne kalmomin harshenmu, amma nan ma da sharaɗi. Suna na yau da kullum haruffa 26 na boko da lambobi da karan ɗori kawai yake ɗauka, babu ƙugiya, babu alamar hamza. Ƙasa da kasa abu ɗaya suke komawa, sana'a ta zama sanaa, 'yanci ya rasa kansa. Kafin ka kama kalma, ka rubuta ta tsirara ka ga ko ma'anarta ta tsira, ka kuma faɗa wa wani ita a waya ka ga ko zai rubuta daidai ba tare da ya tambaye ka ba. Wani abin lura kuma, gajerun kalmominmu da yawa suna da masu so a wasu harsuna: gida a Turkanci abinci ne, kaya dutse ne, rana kuwa kwaɗo ne a harshen Sifaniya da na Italiya. Irin waɗannan a .com an daɗe da kwashe su, in ma ɗaya ya faɗi da 'yan kasuwar Istambul za ka yi takara, ba da maƙwabcinka na Kawo ba. Abin da ke saura shi ne kalma biyu a haɗe, irin na abinci, noma, sufuri, ɗinki, gidaje. Tambayar a nan ita ce wa zai saya. Yawancin masu shaguna daga titin Ahmadu Bello har Kasuwar Barci a WhatsApp da Instagram da Facebook suke cinikinsu, kuma wanda ka ce wa ya ba da naira dubu 500 a kan suna, zai ƙara wa sunan kalma ɗaya ya yi sabuwar rajista da kuɗi kaɗan. Sai ka iya lissafo aƙalla kamfanoni biyar ko goma masu ƙarfin saye da sunan zai dace da su, sannan ya cancanci oda. Sunayen .ng da .com.ng suna da sauƙi ɗaya babba, da naira ake biya ta hannun dillalan da NiRA ta amince da su. Amma ƙa'idojinsu na NiRA ne, kwanakin da muka lissafa a sama na .com ne, kada a ɗora wannan a kan wancan. A karanta na NiRA da na dillalin tukuna.

Biya da karɓar kuɗi ma aiki ne. Bankuna sun taƙaita sannan suka dakatar da amfani da katin naira a waje a wajajen 2022, wasu suka dawo da shi a 2025 da iyaka. Gwanjo kuwa kwanaki kaɗan ake ba wanda ya ci ya biya. Wanda ba shi da asusun dala ko katin da ya riga ya gwada ya ga yana wucewa, kada ya taya. Wajen sayarwa, kada a miƙa suna kafin kuɗi, kada kuma a sa ran mai saye zai turo kuɗi kafin suna. A bi ta dandalin ko ta amintaccen ɗan tsakiya irin Escrow.com, wanda ke riƙe kuɗin har suna ya isa. A sani kuma sabon suna na da ƙullen kwana 60 da ba ya barin a mayar da shi wani dillali, sai dai a tura shi asusun mai saye a dillali ɗaya. Akwai wata damfara da ta daɗe tana cin sababbin shiga: wani zai rubuto ya taya sunanka da kuɗi mai tsoka, sannan ya ce sai ka kawo takardar kimantawa daga wani shafi da shi zai nuna maka. Ka biya kuɗin takardar, shi ke nan ba ka ƙara jin ɗuriyarsa, shafin nasa ne.

Malam Edita, akwai waɗanda wannan bayani ya fi shafa fiye da masu neman riba, su ne masu sunayen da ake farauta. Ko Microsoft ya taɓa mantawa da sabunta passport.com a 1999, sai wani bawan Allah ne ya biya masa dala 35. Makarantu masu zaman kansu, asibitoci, ƙungiyoyi da kamfanoni da yawa a garin nan wani yaro ne ya buɗe musu shafi, ya yi rajistar da sunansa da imel ɗinsa da katinsa. Ya tafi bautar ƙasa ko ya sauya layi, tunatarwar dillali na zuwa inda babu mai karantawa, bayan kwana 80 sunan da ke jikin allon makaranta da rasit da motar ɗalibai ya koma hannun wani a wata nahiya, watakila yana nuna tallar caca. Mai hukuma ya tashi yau ya duba sunansa a lookup.icann.org, ya ga ranar ƙarewa da dillalin da ke riƙe da shi. Ya tabbatar asusun da sunan hukumar yake, kalmar sirri tana hannun mutum biyu amintattu, imel ɗin tunatarwa kuma ba a kan shi wannan sunan yake ba, domin in suna ya mutu imel ɗin da ke kansa tare suke mutuwa. Ya kunna sabuntawa ta kai tsaye, ya duba ko katin da ke ciki bai ƙare ba, in da hali ya biya shekara 5 ko 10 gaba ɗaya. Wanda kuma ya duba ya tarar an rubuta redemptionPeriod, ya biya tarar a ranar komai ciwonta. In pendingDelete ya gani, kwana 5 ko ƙasa da haka suka rage masa ya sa bakoda a kan sunansa na kansa, a kamfani biyu ko uku, ya kuma tanadi dalar shiga gwanjo.

Wassalam.

Daga wasu masu harkar rajista da gina shafukan intanet,
Kaduna.